Rumbun Tsimi a Mangazar Taubashina

Shekara goma sha ɗaya makullin mangazar taubashina, wato ɗakin ajiyar kayan sarinsa, yana rataye a wuyana, kuma da gaskiya anka bi, da yanzu yana nan. Ba ita anka bi ba, wasu ƴan ƙananan lambobi anka bi, irin waɗanda ake bugawa a gindin gwangwani. Tun da na ji masu ba da labarin a tashar Konni sun fara ƙara masa yaji, na ga gara in rubuta shi da hannuna, don ni ma na yi lakwal, wato makarantar boko. Shekara biyar cur na yi, a garinmu can wajen Alela, sai mahaifina ya lura tun da na fara karatu ko akuya ɗaya ba ta ƙaru a gidan ba, ya tafi ya ce wa mushe, malamin ajinmu, an gode. Duk da haka ni ne malamin boko na zurriyarmu, kuma cikin waɗanda sunka haura sittin har yau ba a samu wanda ya ture ni ba.

Taubashin nawa ɗan gwaggona ne. Mutane suna ce masa Alhaji, ni ma haka nake ce masa in da baƙi. In babu baƙi kuwa bawana ne, tun da ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, ko da yake abin kunya bawan ne ke ciyar da ubangidan.

Sana'arsa sari. Manyan motoci su shigo da kaya, wasu ta iyaka daga wajen Sakkwato, wasu ta hanyar Dosso, a sauke a mangazarsa da ke bayan tasha. Madarar gari, taliya, tumatirin gwangwani, sardin, biskit, mayonez, ganyen shayi, duk dai abin da ɗan adam ke saye yana ƙorafin tsada. Daga nan ƙaramar kamiyonmu, motar raba kaya, ta bi da su kanti-kanti. Yau Malbaza da Dogarawa, gobe Badaguishiri har Illela, jibi ƙauyukan da sai direba ya yi addu'a kafin ya sa taya a hanyarsu. Direban namu wani ƙato ne mutumin Badaguishiri, ya yi jikoki amma bakinsa bai girma ba. Ni kuwa magaziniye ne, mai tsaron mangaza, aikina in tsaya bakin ƙofa in ce wannan ya shiga, wancan ya fita. Wanda bai taɓa yi ba zai ce ba aiki ba ne. Haka ake cewa na ladan ma, sai ranar da ya yi tafiya.

To, a gidanmu na ƙauye rumbu uku ne. Biyu ana ci, na ukun ba a taɓa shi sai shekarar da sama ta ƙi. Shi ne rumbun tsimi. Kowace kaka mahaifina zai zaɓi dammunan da sunka fi cika ido ya ƙara a ciki, ya sake liƙe bakin da laka. Abin alfahari a lokacin shi ne a ce gidan wane akwai hatsin shekara huɗu. In ɗanka zai nemi aure, dangin yarinya ba su tambayar mi ka ci jiya, rumbun can suke satar kallo. Mutumin da ake ganin gindin rumbunsa, ko ya sa babbar riga tsirara yake.

Da wannan ilimi na shiga mangaza, kuma ban ga dalilin da zai sa in bar shi a bakin ƙofa tare da takalma ba. Duk motar da ta sauke kaya, sai in zaɓi kwalayen da sunka fi kyau, waɗanda ba su lotse ba, ruwa bai taɓa su ba, in sa a kai su can jikin bangon baya. Sauran su tsaya kusa da ƙofa, su ne ke fita. Wata mota ta zo, in ƙara. Sabo ya shigo ya fita, na baya yana zaune yana tara mutunci.

Ranar da Alhaji ya fara lura, ya daɗe tsaye yana kallon inda bango yake a da.

Ya ce, "Kai, wanga mi ne ne?"

Na ce, "Tsimi, bawana."

"Wa ya sa ka?"

"Abin da ya sa ubanka ya auri gwaggona. Hankali."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce ashe lakwal ɗin nan ba duka ta zube ba. Ina so mai karatu ya riƙe wannan magana da kyau, don mai ita ya manta da ita daga baya. Shi ma ɗan manomi ne, a gindin rumbu anka yi masa kaciya. Abin ya shiga ransa fiye ma da yadda ya shiga nawa. Duk baƙon da ya zo wurinsa, mai kanti daga Malbaza ne ko surukai ne, kafin a ba shi ruwa sai an kai shi ya gaida bangon. Alhaji ya riƙa shafa kwali kamar ragon layya yana cewa, "Wanga tun shekarar da na koma Makka ta biyu shina nan." Baƙo ya kama baki ya ce tubarkalla.

Kuma kada a ce abin bai yi amfani ba. Ƴan ƙananan kantuna in sun ga wannan dutsen kaya sai hankalinsu ya kwanta, su ce Alhaji ba ya yankewa, su bar zuwa wajen abokin hamayyarmu na ƙetaren titi. Shi wannan bawan Allah duk abin da ya shigo masa sai ya fitar da shi. In la'asar ta yi kana ganin bangonsa duka huɗu. Mu kan ce a ba shi shawara ya shimfiɗa tabarmi ya nemi liman, tun da fili ya samu.

Za a ce ban ga lambobin ba. Na gani. Ni da na yi shekara biyar a gaban allo? Na san abin da suke nufi sarai: wai daga rana kaza wannan abu ya tashi daga aiki. Sai dai na auna maganar na ga ba ta da nauyi. Mutumin da ya buga wa madara ranar mutuwa, shi ya san tasa? Na ɗauka dabara ce ta masu masana'anta, don a zubar a sake saye. Hatsi ba a buga masa komai ba, ga shi yana shekara huɗu.

Mutum ɗaya ce ta taɓa yi mini gardama, ita ce mai ɗakina. Uwarta tallan nono ta yi har ta tsufa. Wata rana ina ba ta labarin bangon muna cin tuwo, ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, madarar nan ba daga saniya ta fito ba?"

Na ce daga nan ta fito, amma an busar da ita, an rufe da ƙarfe, a ƙasashen da ake da ilimi.

Ta ce, "To. Allah ya ba saniyar haƙuri."

Na ci gaba da cin tuwona, don ba a jayayya da wanda bai yi lakwal ba.

Ana nan sai anka buɗe wani babban kanti a kan titin kwalta, irin na Yamai. Ƙofar gilashi, sanyi a ciki kamar randa, kowane kaya da farashinsa manne, ba taya ba ragi. Ka ɗauki kwando ka bi layi kana zuba wa kanka, kamar ɓarawon da anka ba izini. Ma'aikatan gwamnati da na duwan, wato kwastan, da matansu duk sunka koma can. Mai kantin wani attajiri ne da ba ya zama gari, ya danƙa shi a hannun ɗiyarsa wadda ta yi jami'a a Yamai, wata ƴar siririya mai tabarau. Duk wani mai sari a Konni ya so a ce shi ke kai mata kaya. Ita kuwa daga Yamai take sa a kawo mata, ba ta kula kowa ba.

Abin ya tsaya wa Alhaji a rai. In mun wuce ta gaban kantin sai ya kau da kai kamar wanda ya ga matar da ta ƙi shi. Wata rana ya ce mini, "In Allah ya sa munka samu kantin ga, makullin nan da shi za a bizne ka. In kuwa na ƙetaren titi ya riga mu, ka fara neman gona."

Na ce, "Ka taɓa ganin bawa ya kori ubangidansa?"

Ya ce, "Zamani ya zo da shi."

Sai ga shekarar da anka rufe iyaka. Motoci sunka yi layi sunka tsaya, direbobi sunka shanya wanki a jikin tayoyi. Abin da ke shigowa sai ɗan wanda kabu-kabu ya saɓo ta daji, kwali biyu uku, bai isa a ce an yi sari ba. Hanyar Yamai ma ba abin kirki, don su can ma nema suke. Wata biyu ba a yi ba mangazar ƙetaren titi ta koma masallacin da munka daɗe muna yi mata fata. Kayanmu na bakin ƙofa ma sunka ƙare. Babban kanti kuwa, in ka leƙa ta gilashi, sai ka ga sun jera gwangwani ɗaya-ɗaya nesa da juna kamar haƙoran tsoho. Ran nan ɗiyar attajiri ta aiko a tambaya ko Alhaji yana da kaya.

Ko yana da kaya!

Ni da Alhaji munka dubi juna, munka dubi bango. Ban taɓa jin na kai mutum kamar ranar ba. Sama ta ƙi, ga rumbun tsimi. Na sa babbar riga, Alhaji ya kira malaminsa ya yi fatiha, anka raba goro. Da anka zo lodi, direba ya kai hannu kan kwalayen gaba, na bara, na buge hannun. Babban baƙo ba a tarbarsa da ɗanyen hatsi. Na sa anka buɗe hanya har can ƙurya, anka fiddo na farko-farko, waɗanda sunka fi kowa daɗewa, na kakkaɓe su da hannun rigata. Direba ya ce, "Baba magaziniye, wanga kwali ai ya girmi ƙaramin jikana." Na ce shi ya sa ya fi shi daraja.

Munka isa kanti da hantsi. Na yi zaton za ta aiko ma'aikaci ya karɓa, sai ga ta da kanta, ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata. Ɗiya ce mai tarbiyya, wannan ba zan ɓoye ba, kuma shi ya ƙara wa abin ciwo.

Ta ce, "Baba, sannunku da ƙoƙari. A wanga hali ina kunka samo kaya haka?"

Na ce, "Ɗiyata, wanda ya yi tanadi ba ya tambayar hali."

Ta sunkuya ta juya kwalin farko, ta gyara tabarau. Ta juya na biyu. Ta juya na uku. Ta ɗago ta dube ni.

"Baba, kun duba ranar da ke jiki?"

"Na duba. Tana nan, ba wanda ya taɓa ta."

"Wagga madara ai wa'adinta ya wuce tun ina shekara ta biyu a jami'a."

Na ce, "Allah ya jiƙanta. Amma buɗe ki gani, ita ba ta sani ba."

Ta sa anka kawo wuƙa ta buɗe gwangwani ɗaya, ta kife shi a kan tebur. Ba abin da ya zubo. Ta bubbuga gindin, sai madarar ta fito gaba ɗaya, dunƙule, da siffar gwangwanin, ta tsaya da ƙafarta. Ta yi launin ƙasa-ƙasa. Direba, wanda ba wanda ya tambaye shi, ya ƙwanƙwasa ta da makullin mota ya ce, "Hajiya, wagga a kai ta Malbaza, masu siminti na saye."

Masu kwanduna sunka fara taruwa. Anka buɗe tumatir, gwangwanayen sun kumbura sama da ƙasa kamar an yi musu ciki. Mayonez ya rabu biyu, mai a sama, wani abu a ƙasa da ban san sunansa ba. Biskit kuwa lafiyarsa lau a ido, sai da wata matar jandarma ta sansana ta ce ƙamshin akwatin kakarta yake yi. Taliya ta samu mazauna, har sun hayayyafa.

A nan ne na yi abin da ake faɗa a tasha, kuma gaskiya ne, na yi. Na ga mutuncin shekara goma sha ɗaya yana zubewa a gaban mata, na ɗauki gwangwanin sardin daga kwalin da ya fi tsufa, na buɗe, na yi bisimilla, na cinye tas har man na shanye. Na goge baki na ce, "To, ga ni. Na mutu?"

Ta ce, "Subhanallahi, Baba! A kawo mashi ruwa."

Direba ya ce, "A ba shi lokaci dai."

Da wata ce da ta kore mu. Amma kantinta babu komai, kuma ta ji an ce abin da munka kawo ko kashi ɗaya cikin goma na abin da ke mangaza bai kai ba. Ta ce mu mayar da kayan, jibi za ta zo mangaza ta duba da idonta, wataƙila a samu masu sauran rai.

Abin da ya gudana tsakanina da cikina a kwana biyun nan sirrin gida ne. Abin da zan iya faɗa shi ne na san kowane tubali na bayan gidanmu, kuma mai ɗakina ba ta ce komai ba. Jiƙo kawai take miƙo mini tana ƴar waƙa ƙasa-ƙasa. Da ta yi magana da ya fi mini sauƙi.

Ranar da ɗiyar ta zo, na lallaɓa na tafi, na ɗaure ciki da rawani a ƙarƙashin riga. Ta zo da alli a hannu. Ƴan dako suna saukowa da kwali, tana dubawa, tana ja masa layi ko ta bar shi. Mai layi a kai hagu, marar layi a kai dama. Na taɓa jin wa'azin irin wannan rana, ban san a mangazata za a fara ba. Kafin azahar hagu ta kai rufi, dama kuwa akuya za ta tsallake.

Alhaji yana tsaye yana jan carbi da sauri. Can ya ce mata, "Hajiya, wallahi na sha gaya mashi."

Na ce, "Ka gaya mini mi?"

"Na ce ka riƙa lura."

"Tubarkalla ka ce. Kai ne ba ka shafa wancan kwalin kana ce ma surukanka tun Makka ta biyu ba?"

Ya ce mata, "Kada ki kula shi, taubashina ne. Gadonsa na yi, ba zaɓensa na yi ba."

Ta sunkuyar da kai tana gyara tabarau, kafaɗunta suna rawa.

Da anka ci rabin dutsen, sai bangon baya ya fara bayyana, wanda rabona da shi tun gemuna yana baƙi. A can ƙurya, inda nake cusa abin da ban ɗauka da daraja ba don kawai ya cike gurbi, anka tarar da buhunan gishiri, da kwalayen ashana, da sabulun wanki wanda ya bushe ya yi tauri, da kyandir, da bokitan roba cikin juna. Ta ƙyasta ashana ɗaya, ta kama. Ta ɗaga sabulu ta ce wannan ma ya fi sabo auki. A lokacin garin nan ashana sai an yi rantsuwa ake samu. Ta ce duka tana so, da na dama gaba ɗaya, kuma in hanya ta buɗe daga wurin Alhaji za ta riƙa ɗauka, tun da ta ga yana da wuri kuma yana da mota.

Alhaji ya washe baki. Ni ma na fara gyara riga, don ko ba komai wa ya ajiye ashanar?

Sai ta ce da sharaɗi. Na farko, abin da ya riga shigowa shi zai riga fita, sabo a baya, tsoho a gaba. Na biyu, kada ta ji an ga kwali mai layin alli a wani kanti, ko na ƙauye ne. Na ukun ba ta faɗe shi da baki ba. Ta dai dubi wuyana, ta dubi Alhaji, ta ce, "Baba ya yi ƙoƙari, ya kamata a hutar da shi." Ban taɓa jin an yanka mutum da ladabi haka ba.

Da ta tafi, munka zauna mu uku muna kallon hagu. Direba ya ce, "Alhaji, mi zai hana a goge allin? Ruwa kaɗan ne. Ni na san ƙauyuka bayan Alela inda ba mai juya gwangwani. Kwana uku na rabar da shi."

Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya yi irin shirun nan na ɗan kasuwa, wanda in ka kasa kunne za ka ji ana loda mota a cikinsa.

Ni kuwa a daidai lokacin cikina ya murɗa, ya tuna mini abin da ya sani. Bayan Alela nan ne ƙanwata take aure, jikokinta su ne masu sayen biskit ɗaya-ɗaya a tebur. Ni ƙato da ni, gwangwani ɗaya ya kusa kai ni. Ban faɗi wannan dalili ba, don ban ga amfanin ba direba abin dariya na shekara ba. Cewa na yi, "Kayan da sunka zauna a hannuna shekara goma ba za a kai su ƙauye a wulaƙanta ba. In kun loda su, ni ma ku loda ni, in riƙa shela a kowane gari."

Alhaji ya ce, "Kai da ka kashe su, kai ne kuma mai kishinsu?"

Na ce, "Wanda ya yi jinya shi ke wanka."

Ya daɗe yana kallona. Ina jin ya lura da rawanin da ke cikina, don ya san ni tun ba mu da wando. Ya ce a nemo masu haƙa rami.

Bayan gari munka kai su, gefen hanyar Tawa, sawu huɗu na kamiyo. Anka kira ma'aikacin tsabta ya tsaya shaida. Kowane gwangwani sai an fasa shi kafin a jefa, don kada wani ya zo ya tone. Na tumatir in an sara sai ya yi tsaki ya fesa wa mutum a riga. Anka zuba man gazuwal anka sa wuta, sannan anka rufe. Mutane sunka taru kamar ana rabon zakka, ana ta salati. Wani tsoho a kan amalanke ya tsaya ya ce, "Wa ya rasu?" Direba ya ce, "Ilimin magaziniye, Baba. Ya daɗe yana jinya." Tsohon ya shafa fatiha ya wuce.

Washegari Alhaji ya kira ni buro, ofishinsa, ya rufe ƙofa. Na shiga ina cewa, "Bawana, mi ya faru?" Bai ɗauki wasan ba. Tun muna yara ban taɓa jefa masa wannan kalma ta faɗi ƙasa ba sai ranar. Ya ce, "Ɗan kawu, ka san ba ni da zaɓi." Na ce na sani. Na cire igiyar daga wuyana, ta maƙale a kunne, sai da ya taimaka mini. Wurin da makullin ke kwanciya a ƙirjina ya yi kanta, har yau in na yi wanka ina jin ta.

Wanda anka ba makullin shi ne magaziniyen ƙetaren titi, wanda maigidansa ya sallama saboda rashin kaya. Mutum ne da ya ƙware wajen ganin bango. Yanzu in ka shiga mangazar sai ka ji muryarka tana dawo maka, kuma wai wannan shi ne ci gaba. Iyaka ta buɗe, kamiyonmu tana tsayawa gaban ƙofar gilashi sau biyu a mako, Alhaji ya daina kau da kai, har ɗaga hannu yake yi.

Ni ba a kore ni ba, kada a yi wa bawana ƙarya. Akwai wani ɗan ɗaki a gefen mangaza inda a da ake ajiye tsofaffin tayoyi. Ya sa anka share, anka zuba gishiri da ashana da bokitai da tsintsiya, ya ce daga yau ni ne darektan kayan da ba su mutuwa. Na tambayi makulli, ya ce ƙofar sakata gare ta. Na karɓi muƙamin, don mutum ba ya ƙin girma. A nan nake zama, a nan na rubuta wannan, bisa buhu. Ɗiyar attajiri in ta zo duba kaya takan leƙo ta gaishe ni, ta ce, "Baba, ya jiki?" Shekara ta zagayo, har yanzu ya jiki take cewa.

Watan jiya anka sauke sabon gishiri, na ƴan ƙananan leda, fari tas. Ina jerawa sai idona ya faɗa kan gefen leda ɗaya. Na kai ta bakin ƙofa inda haske yake, na nisanta ta da ido, na matso da ita. Lambobi ne, rana da wata da shekara. Gishiri fa, wanda raƙuma ke ɗaukowa daga hamada tun kafin a haifi kakan wanda ya ƙera injin bugawar.

Na leƙa waje. Alhaji yana waya, sabon magaziniye yana can yana sha'awar bangonsa. Na koma ciki na jera ledojin ɗaya bayan ɗaya, kowace fuskarta a ƙasa, na ɗora bokitai a kai.